Me ya sa kajin da nake zubarwa a mayanka ke ƙaruwa a wasu watanni?

"Assalamu alaikum Likita. Ina da ƙaramar mayankar kaji a Sabon Garin Zariya. Muna saro burola daga gonaki, mu yanka, mu fige, mu gyara, mu sa a firiza, mu kai wa masu gidajen abinci da masu gashi. Abin da ke damuna shi ne yawan kajin da nake warewa in zubar, ko in yanke wani sashe in jefar. A watan Janairu sai ka buɗe ciki ka tarar ruwa ya cika shi, ko wani farin abu ya lulluɓe hanta da zuciya. Da zafi ya shigo wannan ya ragu, sai kuma kaji suka riƙa isowa a mace cikin keji. Da damina kuwa hanta ce ke lalacewa, da ƙafafu. Shin masu gona ne ke haɗa ni da marasa lafiya, ko yanayi ne? Kuma wacce kaza ce dole in zubar gaba ɗaya, wacce ce zan yanke wurin in sayar da sauran? Allah Ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya yi wa sana'a albarka. Kana son sanin laifin waye, na mai gona ko na yanayi, sannan kana son sanin inda wuƙa za ta tsaya. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma duk wanda ya daɗe yana buɗe cikin kaza a wannan yanki zai ba ka irin wannan jeri na watanni. Sai dai akwai mai laifi na uku da ba ka ambata ba, wato hanya da mayankar kanta. Kazar da ka buɗe yau, abin da ya ɓata ta ko dai ya faru sati uku zuwa biyar da suka wuce a gona, ko awannin da ta yi cikin keji, ko kuma 'yan mintunan da ta yi a hannun yaranka. Yanayi yana taɓa duka ukun, amma ba a rana ɗaya tasirinsa ke bayyana ba. Wanda bai raba su ba zai yi ta rigima da mai gona a kan ɓarnar da direba ya yi, ya kuma yafe wa mai gona ɓarnar da tasa ce.

Kafin in shiga watanni, ka san matsayin da kake. A mayankar Zango, inda ake yanka shanu da awaki da tumaki, akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi da aikinsu duba nama. Kaza kuwa mafi yawanta a kasuwa ake yanka ta, a Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada, mai saye yana tsaye, mai figa ya tsoma a ruwan zafi, ya zuba a leda, shi ke nan. Ba wanda ya duba hanta, ba wanda ya rubuta komai. Saboda haka a wurinka kai ne mai duba naman, ko ka so ko ka ƙi. A manyan mayankun Turai da Amurka, inda ake duba kowace kaza a rubuta, wadda ake sokewa ɗungurungum takan tsaya a kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ko ƙasa da haka. A Birazil, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da naman kaza waje, abin da ya fi jawo a yanke sashe a jefar shi ne gurɓacewar nama da kashi da kuma rauni, cuta tana biye. Wannan ya kamata ya sa ka fara duban gida kafin ka dubi gona.

Hunturu: ruwan ciki da farin abu a kan hanta

Burolar da ka yanka a tsakiyar Janairu tana da sati shida ko bakwai, ke nan an sauke ta a gona a farkon Disamba, tana 'yar kwana ɗaya, galibi bayan ta kwana a mota daga Ibadan. A satin farko ɗan tsako yana buƙatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa da kusan digiri 3 kowane sati. A Zariya kuwa daren Disamba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Me mai gona zai yi? Zai rufe ɗakin ruf da leda da buhuna, ya hura gawayi a tukwane ko ya kunna risho, ya ja ƙofa ya tafi ya kwanta. Niyyarsa mai kyau ce. Amma wutar tana cin iskar da 'yan tsakin za su shaƙa, kuma can wajen asuba gawayin ya mutu, sanyi ya sauko musu.

Ita burola an ƙirƙire ta ne don ta tara tsoka cikin sauri, huhunta da zuciyarta ba sa girma daidai da jikinta. Ko a rana mai kyau a takure suke aiki. In sanyi ya kama ta sai ta ƙara cin abinci don ta ɗumama jiki, buƙatar iskar oksijin ta ƙaru, a ɗakin da iskar ta riga ta yi ƙaranci. Jiki sai ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, jinin ya yi kauri, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama wajen tura shi cikin huhu har ya buɗe ya saki. Daga nan jini ya taru a hanta, ruwa ya riƙa tsatsowa yana cika ciki. Ruwan da kake gani ke nan, mai launin rawaya-rawaya, wani lokaci da 'yan dunƙule a ciki. Ba ƙwayar cuta ba ce ta kawo shi, kuma ba maganin da zai mayar da shi. An shuka shi a sati na ɗaya da na biyu, ya fito a sati na huɗu zuwa na shida, sai ya zo teburinka.

In kana son ka tabbatar, ka yanka zuciyar a kwance ta tsakiya. A lafiyayyar kaza ramin dama ɗan siriri ne manne da na hagu. A mai ruwan ciki za ka gan shi ya yi faɗi, bangonsa ya yi laɓo-laɓo, zuciyar duka ta zama zagayayya.

A nan ina ɗan kare mai gona. Ruwan ciki ya fi kama kajin da suka fi cin abinci suka fi saurin girma, musamman zakaru, wato irin waɗanda kai da kanka za ka nuna ka ce a kama maka. Sau da yawa mai gonar bai san da shi ba. Amma kai kana iya ganewa kafin a ɗora a sikeli: ka ɗaga kazar ka taɓa ƙasan cikinta, tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da dubura. In ya kumbura yana motsi a ƙarƙashin yatsa, fatar wurin ta yi ja, zankon ya yi shuɗi-shuɗi, tana haki alhali ana sanyi, mayar da ita. Ruwan nan nauyi ne da za ka biya kuɗinsa a kilo.

Farin abin da ke lulluɓe hanta da zuciya labarinsa daban, ko da yake a ɗaki ɗaya aka haife su. Bayan huhu, kaza tana da jakunkunan iska guda 9 a cikin jikinta, sirara, garai-garai, har ba ka lura da su in tana lafiya. Ɗakin da aka rufe yana tara warin kashi, wato iskar amoniya, ga ƙurar hunturu, ga ƙurar garin katakon da ya bushe ƙayau. Amoniya in ta wuce kashi 25 cikin miliyan tana kashe 'yan gashin da ke share maƙogwaro. Wasu kajin kuma sukan taho da ƙwayar maikofilasma tun daga ƙwai, wadda masu kiwo ke kira si-ar-di. A cikin wannan hali sai a ba su rigakafin Lasota na cutar Niyukasal, wanda shi ma yana ɗan taɓa hanyar numfashi. Ƙofa ta buɗe, sai ƙwayar E. coli da ke cikin ƙurar ta shiga, ta sauka jakunkunan iska, ta bi jini. Jiki yana yaƙi da ita ne ya zubo wannan farin abu mai kama da awarar da aka marmasa, ya manne a hanta da jakar zuciya. Kazar da ta tsira daga mutuwa a gona takan tsumbure, ta iso wurinka ƙarama a cikin manya.

Idan mai gona ya kira ni da hunturu ya ce kajinsa na tari, ba na zuwa da hantsi, don kafin lokacin an ɗage leda, iska ta share shaida. Da asuba nake zuwa, in shiga in tsuguna har kaina ya sauko daidai tsayin kajin. In idona ya fara yaji, na gama bincike tun ban taɓa kaza ba. Shawarar da nake bayarwa ba ta da tsada: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, to a toshe wannan ɓangaren sosai, a toshe ƙasa ta yadda iska ba za ta bugi 'yan tsaki kai tsaye ba, amma a bar tazara a sama ta ɗaya ɓangaren ko da tafin hannu ce, dare da rana. A ƙara wuta, a tashi tsakar dare a sake gawayi. Masu kiwo da yawa suna ganin rufewa ita ce ɗumi, kuma wannan fahimtar ta fi kowace ƙwayar cuta cika maka bokitin zubarwa a Janairu da Fabrairu.

In kana haɗawa da kajin Hausa daga kasuwannin ƙauye, hunturu yana da wata fuska. Lokacin ne cutar Niyukasal ke share akurki, kuma likitocin kaji na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa da rani, musamman watannin sanyi, ta fi tashi. Mutumin ƙauye da ya ga kaza biyu sun mutu a maƙwabta ba ya jira, kwashe nasa yake ya kai kasuwa, shi ya sa kaza ke araha a daidai lokacin da ya kamata ka yi tsoronta. Alamarta a ciki ita ce ɗige-ɗigen jini a ƙaramin tumbin da ke gaban ƙundu, da miki a hanji, a waje kuma koren zawo da murɗewar wuya. Murar tsuntsaye ma lokacinta ke nan. Karon farko da aka tabbatar da nau'in H5N1 a Afirka, a watan Fabrairun 2006 ne, a wata gona da ke Jaji a kan hanyarmu ta Kaduna, cutar ta kuma sake dawowa Najeriya a Janairun 2015. In ka ga kaji na mutuwa farat ɗaya da yawa, zanko da leɓe sun kumbura sun yi shuɗi, ƙwaurin ƙafa ya yi jaja-jaja da jini a ƙarƙashin fata, wannan ya wuce maganar yankewa a jefar. Kada a yanka, kada a fige, a sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha. Wanda ke figa da hannu shi ne farkon wanda ke cikin hatsari, kejin da ya ɗauko su kuma shi zai kai cutar gona ta gaba in ba a wanke shi da magani ba.

Bazara: hanya ce ke kashewa

Daga Maris zuwa Mayu an cire leda, iska na shiga, ruwan ciki da ciwon jakar iska suka ja baya. Ka ga ke nan lafiyar kajin a gona ta ma fi ta Janairu. Asarar ta koma tsakanin ƙofar gona da wuƙa.

Zafin jikin kaza digiri 41 zuwa 42 ne, ba ta gumi, haki kaɗai take yi ta fitar da zafi. A Afrilu rana takan kusanci digiri 40 a Zariya. Ka cusa burola mai kilo biyu da 'yan'uwanta a keji, ka jera kejin hawa-hawa a bayan a-kori-kura, ka yafa tamfal. Muddin mota na tafiya akwai ɗan sauƙi. Da ta tsaya a cunkoson Kwangila, ko direba ya sauka cin abinci, kejin da ke tsakiya ya zama tanda, hakin kowace kaza yana ƙara wa ta kusa da ita tururi. Ka lura da inda matattun ke fitowa: in daga tsakiyar lodi ne da can gaba kusa da kan mota, kuma manya ne masu ƙiba, zafi ne. In a warwatse suke, ƙanana ne ramammu, daga gona suka taho da abinsu. Maganin kuma sananne ne, sai dai ana ƙyuya: a yi lodi bayan isha'i ko kafin asuba, a rage adadin da ake sawa a kowane keji, a bar tazara tsakanin layuka, mota kada ta tsaya. In sun iso kada a jibge su ƙarƙashin rufin kwano su jira azahar.

Wadda ta iso a mace mushe ce, addini da likitanci bakinsu ɗaya a kanta. Inda ake samun matsala shi ne wadda ta iso tana shure-shuren ƙarshe, yaro ya yi wuf ya sa mata wuƙa don kada a yi asara. Hukuncin halaccinta na malamai ne. Ta fuskar nama kuwa, zuciyar da ta kusa tsayawa ba ta tura jini waje, sai ka ga fata ta yi ja, jijiyoyin ƙarƙashin fiffike cike da jini, tsoka ta yi duhu. Irin wannan naman shi ke fara wari a firiza. Ni ba na barin sa ya wuce.

Akwai kuma wanda zafi ya wahalar amma bai kashe ba: tsokar ƙirji ta yi fari fat, ta yi laushi, tana zubar da ruwa. Wannan ba ya cutar da mai ci, sai dai mai gashi zai yi maka ƙorafin kazarka na ƙanƙancewa a wuta. Sannan maganar wutar lantarki, wadda ba sai na faɗa maka halinta da bazara ba. Kuskuren da na fi gani shi ne a jera kaji da ɗuminsu a cika firiza. Na gefe su daskare, na tsakiya su kwana da ɗumi, da safe ka ga wajen dubura ya yi kore. A fara tsoma su a ruwan ƙanƙara mai tsabta har sanyi ya ratsa su zuwa wajen digiri 4, su tsane, sannan a jera.

Wani abu da zai rikita maka lissafi in ba ka kula ba: Kirsimeti kullum a hunturu take, amma Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo a Afrilu, ta 2025 a ƙarshen Maris, a shekaru masu zuwa kuma za ta shiga cikin sanyi. Duk lokacin biki asara na hawa ko wane yanayi ake ciki, domin masu kiwon sa-kai sun cika ɗakuna fiye da kima, kai ma ka ɗauki sababbin hannu, kowa na sauri. Kada ka ɗora wa watan abin da na bikin ne.

Damina da kaka

Da ruwa ya zauna, musamman a marka cikin Agusta, shimfiɗar ɗaki ba ta bushewa. Kazar da ke kwana a kan jiƙaƙƙen garin katako ko ɓuntu tafin ƙafarta yana yin baƙin miki, gwiwa ta ƙone, ƙirji ya yi bororo. Tunda ana sayar da ƙafa, wannan ma kuɗi ne. Danshi da ɗumi kuma su ne abin da ƙwan cutar koksi ke jira, cikin kwana ɗaya ko biyu ya nuna ya zama mai kamawa. Tana kama burola tsakanin sati na uku da na shida, ta yi kashin jini, ta rame. Hanjin da koksi ya ƙuje sai ƙwayar kulostiridiyam ta samu wurin zama, ta ruɓar da bangonsa, ta haura hanta ta hanyar maɗaciya. Hantar da ka gani ta kumbura, ta yi tauri, ta yi fari-fari da ɗige-ɗige a kazar da jikinta ba laifi, sau da yawa daga nan take. Ka kuma riƙa ɗaga fatar cinya da ta ƙasan ciki in ka ga ta yi kauri ta yi rawaya: ƙarƙashinta akan samu faifan mugunya, inda wata kaza ta yakushe ta, datti ya shiga.

Ɗaya hantar, wadda ta yi rawaya, ta yi maiƙo, tana dagargajewa a hannu, abinci nake fara tuhuma. Daga Yuli zuwa Satumba masara ta yi tsada, abin da ya saura a rumbu da sito ya sha danshi, ƙuliƙulin gyaɗa ma haka. Funfunar da ke kama su tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Da kaka kuma sai a yi ɗokin sabuwar masara mai araha a niƙa ta tun danshinta bai sauka zuwa kashi 13 ko 14 cikin 100 ba, ta yi zafi a buhu. Shi ya sa lalacewar hanta ba ta tsayawa da ɗaukewar ruwa, takan bi ka har Nuwamba. Gubar tana raunana ƙananan jijiyoyin jini, kaza ta riƙa tara jini a cinya da ɗan kamu kaɗan, tana kuma karya garkuwar jiki har rigakafi ya ƙi kamawa. Mai gonar da ke haɗa abincinsa da kansa, ka tambaye shi inda ya sayi masara.

Tsofaffin kaji masu ƙwai ba su cika bin yanayi ba, shekaru ne ke aiki a kansu: gwaiduwar da ta fashe a ciki ta ruɓe, mahaifar ƙwai cike da daskararriyar mugunya, ƙulle-ƙullen daji a hanta da saifa irin na cutar Marek da danginta, da hanta mai launin tagulla ta taifot ɗin kaji. Da zafi ne kawai ake ƙara ganin masu kitse da hantarsu ta fashe jini ya cika ciki.

Abin da hannunka ya ɓata

Rauni yana faɗin shekarunsa da launi. Ja jawur na yanzu ne, daga masu kamu ko masu sauke keji. Ja mai duhu zuwa shunayya ya kai wajen rabin yini. Kore ko rawaya ya kwana ɗaya ko fiye, wannan na gona ne. Mafi yawan raunin da ake gani a mayanka na awannin ƙarshe ne, daga ɗaukar kaza ta fiffike ɗaya da jefa ta cikin keji. Karayar da jini ya taru a kewayenta ta faru kazar na da rai. Wadda ba jini, injin figa ne ko hannun mai gyara.

Kashi da ke ɓata nama kuwa yawanci daga rashin cire abinci ne. A janye abinci awa 8 zuwa 12 kafin yanka, a bar musu ruwa. Mai gona ba ya son haka, ya fi so ya ƙosar da su kafin sikeli, sai hanji ya zo a cike ya fashe a hannun mai gyara. In kuma yunwar ta zarce haka da yawa hanjin ya yi rauni ya tsinke, maɗaciya ta cika ta fashe ta rina nama kore. Ruwan figa ya tsaya tsakanin digiri 52 da 60. A tukunyar da ke kan itace ba ma'auni yakan wuce haka nesa, fata ta saɓule, saman tsokar ƙirji ya dahu ya yi fari. Ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan ya fi ƙwarewar yatsa. A bar kaza ta gama zubar da jini, minti biyu zuwa uku, kafin a tsoma ta, a kuma riƙa sauya ruwan.

Inda wuƙa za ta tsaya

Tambayar da nake yi wa kaina a kan kowace kaza ita ce: abin nan a wuri ɗaya ya tsaya, ko ya bi jini ya zaga jiki? In ya zaga, duka za ta tafi. Haka hukuncin mushe yake, da wadda jini bai fita ba, da wadda tsokarta ta yi duhu ta bushe hanta da saifa suka kumbura, da wadda farin abu ya rufe zuciya da hanta, da ramammiyar da ƙashin ƙirjinta ya fito tsini, da mai ƙulle-ƙulle a gaɓoɓi fiye da ɗaya, da mai gwaiduwa ruɓaɓɓiya a ciki, da wadda ta yi kore ko wari. Mai ruwan ciki, ko da yake ba cuta mai yaɗuwa ba ce, in ruwan ya taru sosai namanta jiƙaƙƙe ne mai duhu, ba ya ajiyuwa, ni zubarwa nake sawa a yi. In abin a wuri ɗaya ne, fiffike ya karye, cinya ɗaya ta tara jini, bororo a ƙirji, miki a ƙafa, hanta kaɗai ta lalace alhali jiki cike yake da tsoka mai kyau, a yanke wurin da ɗan abin da ke kewaye da shi, sauran ya wuce. Wurin da kashi ya taɓa yankewa ya fi, don wanki a baho ɗaya raba dattin yake ga sauran kajin.

Abin da aka zubar kuma ya zubu da gaske. Na san ana bin bayan mayanka da yamma ana saye da sunan abincin tarwaɗa ko karnuka, kuma ba duka ke isa kududdufin kifi ba, wani a kan wayar gashi yake ƙarewa cikin dare, an shafe shi da yaji. A tsatstsaga shi, a zuba masa kalanzir, a binne a rami mai zurfi da farar ƙasa ko a ƙone.

Iyakar abin da ido ke gani

Duk bayanin nan daga kwatancenka na gina shi, kuma hanta mai ɗige-ɗige tana da iyaye da yawa, sai an gwada ake raba su. Ban da haka, abubuwan da suka fi kwantar da masu cin kaza, wato ƙwayoyin cutar salmonela da kamfilobakta, suna zaune a hanjin kaza mai ƙoshin lafiya ba tare da wata alama ba. Tsabtar gyara, sanyi, da dafuwar da ta ratsa har digiri 74 ne ke maganinsu. Ragowar magani ma ba a ganin sa. Mai gonar da kajinsa suka fara tari a sati na biyar yakan zuba musu maganin ƙwayoyin cuta ya kira ka washegari, alhali a jikin ledar maganin akan rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka. Kafin ka saya ka nemi ganin ledojin da ke cikin kwandon sharar gonar.

Ka sayi littafi, kowane lodi ka rubuta ranar, gonar, shekarun kajin, adadinsu, lokacin lodi da na isowa, sannan nawa suka iso a mace, nawa aka zubar duka, nawa aka yanke sashe, da dalilin kowanne. Ka riƙa mayar da shi kashi cikin 100, domin kaza 20 cikin 1,000 ta fi sauƙi a kan 12 cikin 300, ko da yake bokitin farko ya fi cika. In za ka karanta littafin, ruwan ciki da farin abu ka koma baya sati huɗu ko biyar ka tambayi yadda daren gonar yake a lokacin, hanta ka koma ga buhun abinci, mushe da rauni ka tsaya a ranar. Bayan 'yan watanni za ka ga gonaki biyu a unguwa ɗaya, a sanyi ɗaya, ɗaya tana ba ka ruwan ciki ɗaya ba ta ba ka. Da wannan za ka zauna da masu gona ku yi yarjejeniya tun kafin lodi: abin da ya fito na cuta nasu ne, a cire a kuɗi, na hanya na mai mota ne, na figa da gyara naka. Ka ɗauki hoto ka tura musu a ranar, ko su aiko yaro ya tsaya a ga buɗewar tare.

In lodi ɗaya ya ba ka abin da ya fi na kullum, ka ware biyu ko uku masu rai da ke nuna alamar, da waɗanda ba su daɗe da mutuwa ba a cikin kula mai ƙanƙara, ka kai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a ranar. Kada ka daskarar da su a firiza, daskarewa tana ɓata abin da za a duba. Ka haɗa da ɗan abincin da suke ci a gonar in mai gonar ya yarda ya ba ka.